Tambaya: shin gaskiya ne ana maganin shaye-shaye da firgici da ƙwayoyi masu juya hankali?

Abu Safiyya, Gusau

Assalamu alaikum. Ina neman haske daga ma'aikatan lafiya da malaman addini a kan wani al'amari da ya hana gidanmu sukuni. Ƙanena, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya, ya faɗa hannun 'yan bindiga shekara biyu da suka wuce, ya yi kwana hamsin da ɗoriya a daji kafin Allah ya kuɓutar da shi. Raunukan jikinsa sun warke, amma tun da ya dawo barci ya gagare shi, ƙarar babur kaɗai takan sa ya zabura ya nemi maɓoya, shagon ɗinkinsa kuwa sai jefi-jefi yake buɗewa. Daga baya muka gano cewa ya fara shan tiramol, wai don ya manta, yanzu kuma idan ya kwana biyu bai sha ba sai jikinsa ya ɗauki rawa da zufa. An yi masa ruƙiyya, mun kai shi asibiti sau biyu, yakan daina na sati uku ko wata guda sannan ya koma.

Wani abokin aikina ya turo mini bidiyo a WhatsApp inda ake cewa likitoci a Amurka da Ingila suna warkar da irin wannan ciwo da wani sinadari da ake samu a cikin laimar kwaɗi, da kuma wata ƙwaya da ake kira MDMA, kuma shan biyu ko uku ya isa mutum ya rabu da firgici da shaye-shaye gaba ɗaya. Na ji abin bambaraƙwai, domin ban ga yadda za a kori maye da abin maye ba. Shin akwai binciken gaskiya a kan wannan, ko ƙarin gishirin masu bidiyo ne? Idan akwai, zai yi wa mai shan tiramol amfani? Sannan mene ne matsayinsa a addini?

Malam Habibu, mai haɗa magunguna, Birnin Kebbi

Wa alaikumus salam. Allah ya ba ɗan'uwanmu lafiya, ya saka maka da alheri bisa tsayuwar da ka yi masa. Binciken yana nan, kuma ba sabo ba ne, sai dai mai bidiyon ya ɗauki kan labarin ya bar gangar jikinsa.

Asalin abin ya faro ne daga Suwizalan, inda wani masanin sinadarai mai suna Albert Hofmann ya haɗa LSD, wani sinadari mai juya hankali, a 1938, ya gano irin tasirinsa a kan hankali a 1943, sannan a 1958 ya tace sinadarin silosaibin daga wani nau'in laimar kwaɗi ta ƙasar Meziko. A shekarun 1950 wani likitan ƙwaƙwalwa, Humphry Osmond, ya riƙa gwada LSD a kan mashaya giya a lardin Saskatchewan na Kanada. Da waɗannan abubuwa suka fita daga asibiti suka shiga hannun matasa, sai Amurka ta sanya su cikin jerin haramtattun ƙwayoyi mafi tsanani a 1970, Majalisar Ɗinkin Duniya ta biyo baya da yarjejeniyar 1971, bincike kuma ya kusan tsayawa cak na tsawon shekaru wajen talatin. Jami'ar Johns Hopkins ce ta sake buɗe ƙofar da wani nazari da Roland Griffiths ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2006.

A ɓangaren shaye-shaye, nazari biyu aka fi ambata. Na farko shi ne na masu shan taba sigari a Johns Hopkins a 2014, inda mutum 12 cikin 15 da aka ba silosaibin suka kasance ba su koma shan taba ba bayan wata shida. Adadin yana da ban sha'awa, amma mutum 15 ba su cika aji guda ba, kuma babu wani rukuni da aka kwatanta su da shi. Na biyu ya fi ƙarfi, shi ne na Jami'ar New York a 2022, wanda ya shafi mashaya giya 93. An raba su biyu, an ba wasu silosaibin sau biyu, an ba sauran wani maganin mura mai sa barci a matsayin abin kwatanci, dukkansu kuma suka yi mako 12 suna zama da masu ba da shawara. A cikin wata takwas ɗin da aka bi sawunsu, waɗanda suka sha silosaibin sun yi tatul da giya a kimanin kwana 10 cikin kowane 100, ɗaya rukunin kuwa a kimanin kwana 24. Ka lura, raguwa aka samu, ba a ce kowa ya daina ba, kuma ɗaya rukunin ma ya rage shan giya saboda zaman shawarar kaɗai.

Ciwon firgicin da ke biyo bayan masifa, irin wanda ka siffanta, MDMA aka fi gwadawa a kansa. A gwajin da aka wallafa a 2021, mai mutum 90, kashi 67 cikin 100 na waɗanda suka sha maganin sun fita daga ma'aunin masu ciwon a ƙarshen gwajin, yayin da waɗanda aka ba ƙwayar wofi, wato wadda babu magani a cikinta, tare da zaman shawara suka samu kashi 32. An maimaita a 2023 da mutum 104, aka samu kashi 71 da kashi 48. Duk da haka, a watan Agusta na 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, wato takwarar NAFDAC ɗinmu, ta ƙi amincewa da shi, ta nemi a sake wani gwajin. Ostireliya kuwa tun 1 ga Yuli 2023 ta ba wasu zaɓaɓɓun likitocin ƙwaƙwalwa izinin rubuta MDMA ga masu firgici, da silosaibin ga masu ciwon damuwar da ya ƙi jin magani. Ka ga hukumomi biyu sun dubi kusan hujja iri ɗaya, kowace ta yanke hukunci dabam.

Game da tiramol kuwa, amsar a gajarce take. Manyan gwaje-gwajen an yi su ne a kan giya da taba da damuwa da firgici, ba a kan dangin tiramol da kodin ba. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne, tiramol yana ɗaga sinadarin sirotonin a ƙwaƙwalwa, MDMA ma haka, haɗuwarsu a jiki ɗaya tana iya jawo zazzaɓi mai tsanani, da sanƙarewar jijiyoyi, da farfaɗiya, har ta kai ga rasa rai. Dokar da ta kafa NDLEA a 1989 ta ambaci LSD da sunansa tare da hodar iblis, kuma NAFDAC ba ta yi wa silosaibin ko MDMA rajista a matsayin magani ba. Duk wanda ya ce zai samo maka a Kano ko Legas, dillalin ƙwaya ne, ko da ya sanya farar riga.

Maman Fa'iza, ma'aikaciyar jinya a sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, Gusau

Malam Habibu ya kawo alƙaluman daidai. Ni ina so in tsaya a kan abin da bidiyoyin nan ba sa nunawa, wato aikin da ke kewaye da ƙwayar, domin a nan ne nake ganin hankalinmu ya kamata ya tafi.

A gwajin MDMA, sau uku kacal ake ba mutum maganin, tsakanin kowane sha da na gaba kimanin wata guda. Amma kowace ranar sha awa takwas ake yi, mara lafiya yana kwance a ɗaki mai natsuwa, ma'aikata biyu da aka horar suna zaune tare da shi daga farko har ƙarshe, ana auna hawan jininsa da zafin jikinsa. Kafin a kai ga wannan rana an yi zama uku na shiri, bayan kowane sha kuma akwai wasu zama uku da ake warware abin da ya gani ko ya tuna. Idan ka haɗa, mutum ɗaya ya samu sama da awa arba'in na kulawar ƙwararru biyu. A ɗakin duba marasa lafiya irin namu, ranar da layi ya yi tsawo, wanda ya samu minti goma da likita ya yi sa'a. Shi ya sa idan na ga cewa kashi 48 cikin 100 sun samu sauƙi da ƙwayar wofi, abin da nake karantawa shi ne kusan rabin mutanen sun amfana da zama da saurare kawai, kuma wannan ba ya buƙatar a shigo da komai daga waje.

Akwai kuma wata matsala da masu binciken kansu suka amsa. Ƙa'idar gwajin magani ita ce kada mara lafiya ya san ko maganin gaske aka ba shi ko na wofi, don kada fatan alheri ya shiga cikin sakamako. To, wanda ya ga bango yana numfashi ba ya buƙatar a gaya masa abin da ya sha. A nazarin giya na New York, sama da kashi 90 cikin 100 na mahalarta sun canki abin da aka ba su. Wanda ya gane ya samu maganin da ya daɗe yana jin labarinsa zai cika da murna, wanda ya gane wofi aka ba shi zai karaya, tazarar da ke tsakaninsu sai ta ƙara faɗi a kan takarda. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa kwamitin ƙwararrun hukumar Amurka, a watan Yuni na 2024, ya kaɗa ƙuri'a 9 da 2 cewa ba a tabbatar da ingancin MDMA ba, da 10 da 1 cewa ba a nuna amfaninsa ya rinjayi haɗarinsa ba. An kuma tayar da maganar wata mara lafiya da masu kula da ita suka keta haddinta a wani gwaji na baya a Kanada. A matsayina na mace mai wannan aiki, wannan batu ya fi tsaya mini a rai, domin mutumin da magani ya sassauta wa garkuwar zuciya ba ya iya cewa a'a, kuma mun san abin da aka riƙa ganowa a wasu gidajen mari a 2019 ba tare da an ba kowa irin wannan magani ba.

Ko a ciwon damuwa sakamakon bai kai yadda ake zuzutawa ba. A Kwalejin Imperial ta Landan, a 2021, an kwatanta silosaibin da maganin damuwa na yau da kullum a kan mutum 59, kuma a babban ma'aunin da aka sa gaba ba a samu bambancin da za a kafa hujja da shi ba. A wani gwaji mai mutum 233 a 2022, kashi 29 cikin 100 na waɗanda suka sha mafi yawan awo sun warware bayan mako uku, amma an samu wasu da tunanin kashe kai ya taso musu. Sannan tun wajen zaɓen mahalarta ake cire duk wanda shi ko danginsa na kusa ke da taɓin hankali mai sa jin muryoyi, da masu ciwon zuciya, da masu hawan jinin da bai daidaita ba.

Abu Safiyya, ga abin da zan ce game da ƙanenka. Rawar jiki da zufar da yake yi alama ce ta cewa jikinsa ya saba, don haka kada a tilasta masa yankewa rana ɗaya, a bar likita ya tsara yadda za a janye shi. Ina kuma zargin cewa a zuwanku biyu na baya maganar ƙwayar aka yi, ba a taɓa maganar dajin ba, alhali ita ce tushen. Ku nemi ganin likitan ƙwaƙwalwa, ko a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke nan Gusau, ko a Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware kusa da Sakkwato, ku ba da labarin sace shi tun daga farko. Ku faɗi adadin tiramol ɗin da yake sha ba tare da ɓoyewa ba, saboda wasu magungunan damuwa ma ba sa jituwa da shi.

Ɗan Yawuri

Ina da ƙarin tambaya ga Malam Habibu. Wani direba da ke zuwa Kamaru ya ba ni labarin wata saiwa da ake kira iboga, ya ce ita ce ke cire wa mutum sha'awar ƙwaya a dare ɗaya. Idan har tsiro ne ke wannan aiki, ashe mu ma muna da zaƙami a bayan gari, wanda kowa ya san yana sa gane-gane. Me zai hana masana namu su bincike shi?

Malam Habibu, mai haɗa magunguna, Birnin Kebbi

Ɗan'uwa, gara da ka yi wannan tambaya a fili. Iboga itaciya ce ta dazukan Gabon da kudancin Kamaru da Kwango, mabiya al'adar Bwiti suna amfani da ɓawon saiwarta a bukukuwansu. Sinadarinta, ibogen, shi ne a cikin wannan dangi aka fi dangantawa da masu shan miyagun ƙwayoyi irin hiroyin, tun daga 1962 lokacin da wani matashi Ba'amurke, Howard Lotsof, ya ce ya sha ya wayi gari ba ya jin ƙishirwar ƙwayar. Amma yawancin hujjar da ake da ita rahotannin ɗaiɗaikun mutane ne da ƙananan nazarce-nazarce, kuma an tabbatar cewa ibogen yana dagula bugun zuciya, an kuma samu mace-mace a dalilinsa. Ko nazarin da Jami'ar Stanford ta wallafa a 2024 a kan tsofaffin sojoji 30, a Meziko aka ba su maganin, tare da sinadarin maganiziyam don kare zuciya, ana kallon bugunta a na'ura.

Zaƙami kuwa ba danginsu ba ne ko kaɗan. Silosaibin yana aiki ne a kan wasu ƙofofin sirotonin, mutum yana sane da inda yake, yana iya magana, kuma yana tuna abin da ya faru. Sinadaran zaƙami, atirofin da sikofolamin, toshe wata hanyar saƙo dabam suke yi, sai baki ya bushe, ƙwayar ido ta buɗe, zuciya ta yi gudu, fitsari ya riƙe, mutum ya rikice bai san kansa ba, washegari kuma ba ya tuna komai. Ba banza ba Bahaushe ya raɗa masa haukata-yaro. Haka nan kada wani ya ji an ce laimar kwaɗi ya shiga tsinko ta damina, domin wasu nau'o'inta suna lalata hanta cikin 'yan kwanaki, kuma abin da ake bayarwa a gwaje-gwajen nan sinadari ne da aka haɗa a ɗakin bincike aka auna shi da miligiram.

Malam Mustafa, Talata Mafara

Bismillah. Allah ya yaye wa wannan bawa nasa. Zan taɓa tambaya ta uku gwargwadon abin da na karanta a gaban malamaina, ba da sunan fatawa ba.

Asalin hukunci a bayyane yake. Ya tabbata daga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa duk abin da ke sa maye haramun ne, kuma da wani sahabi ya ce yana haɗa giya ne don magani, sai ya amsa masa cewa ita ba magani ba ce, cuta ce. Saboda haka wanda ya nemi waɗannan abubuwa don nishaɗi, ko don abin da wasu Turawa ke kira buɗewar ruhi, babu wata tantama a kan haramcinsa.

Sai dai malaman fiƙihu ba su tara duk abin da ke taɓa hankali a kwando ɗaya ba. Imam al-Ƙarafi, babban malamin Malikiyya na Masar, ya raba su uku: mai sa maye tare da nishaɗi da jin ƙarfi kamar giya, da mai ɓata hankali ba tare da wannan nishaɗin ba, da mai sa barci wanda ke ɗauke ji da gani gaba ɗaya. A kan irin wannan rarrabewa ne malamai suka halatta a gusar da hankalin mutum idan za a yanke masa gaɓar da ta ruɓe, kuma a kanta muke tafiya yau duk lokacin da aka yi wa mace allurar barci za a ciro mata jariri. Babu wanda ya ce likitan ya shayar da ita abin maye.

Ƙa'idar ita ce larura tana halatta abin da aka hana, amma ana auna ta da gwargwadonta, kuma malamai sun gindaya sharuɗɗa: ciwon ya zama na gaske, a rasa halattaccen maganin da zai maye gurbinsa, amintaccen likita masani ya tabbatar ko ya rinjayar da zaton cewa zai yi amfani, kuma kada cutarwarsa ta fi amfaninsa. Idan na ɗora bayanin Malam Habibu da na Hajiya Maman Fa'iza a kan waɗannan sharuɗɗa, sai in ga na farko ne kawai ya cika a kan ƙanenka. Ba a gama gwada hanyoyin da ke hannu ba, likitocin da suka ƙirƙiro abin ba su daidaita a kansa ba, ga kuma haɗarin haɗuwarsa da abin da yake sha. Akwai bambanci ɗaya da nake ganin majalisun fiƙihu za su daɗe a kansa idan ranar ta zo: a tiyata gushewar hankali hanya ce kawai ta kauce wa zafi, a nan kuwa wasu masu binciken suna ganin juyawar hankalin ita kanta ce maganin. Wannan mas'ala ce da sai malamai da likitoci sun zauna a tabarma ɗaya.

Ina kuma roƙonka kada a ce wa yaron nan rashin tawakkali ne ke damunsa. Ku ci gaba da yi masa addu'a, ku kai shi wurin likita, ɗayan ba ya kore ɗayan.

Abu Safiyya, Gusau

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Hajiya, zarginki gaskiya ne, kuma laifin namu ne: a zuwanmu biyu ba mu ambaci sace shi ba, saboda mahaifiyarmu ta hana a riƙa tayar da maganar a gabansa, mu kuma muka ɗauka cewa mantawa ita ce sauƙi. Jiya bayan sallar isha'i na zauna da shi a zaure, na tambaye shi adadin da yake sha, ya ce ƙwaya huɗu a rana, wani lokaci biyar. Ya yarda mu je ranar Litinin, da sharaɗin ni kaɗai zan raka shi kuma ba za a kwantar da shi ba. Hajiya, shin ana buƙatar takardar turawa daga ƙaramin asibiti kafin a ga likitan ƙwaƙwalwa, ko za mu iya zuwa kai tsaye mu yanki kati?